Farashin Riɗi

An yi wani maƙeri a Durba, ta ƙasar Kibiya, wanda fartanyarsa ta yi suna har Rano. Gab da faɗuwar daminar 2023 manoma suka ba shi kafin alƙalami na garma da fartanya, ya karɓa, ya yanka musu rana. Ana nan, ƙarshen watan Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, ƙarfe da gawayi suka bi bayansa. Kuɗin garma goma ya kasa fitar da shida. Babu wanda ya kai shi ƙara gaban dagaci, amma shi kullum dare sai ya gurfanar da kansa.

Barci ya ƙaurace masa. Da ya ji sallama a ƙofar gida sai gabansa ya yanke ya faɗi, ƙirji ya matse, gumi ya karyo. Ya daina zuwa majalisar gindin darbejiya, toka ta huce a maƙera. Wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. Ya sha rubutu, an yi masa hayaƙi. A asibitin Rano aka auna jininsa, aka saurari ƙirjinsa, aka ce zuciya lafiya lau, damuwa ce ta yi masa yawa, ya je asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Maƙeri ya kaɗe rigarsa, ya ce shi bai taɓa jifan kowa ba, bai kuma taɓa tsince-tsince a bola ba.

Ƙaninsa ne ya samo dabara da kaka ta yi. Ya ce ai Dawanau biyu ce, Yaya: akwai ta asibiti, akwai ta kasuwar hatsi, mota ɗaya ke kai mutum. Suka ɗaure buhun riɗi biyu, suka shaida wa gari za su kasuwa.

Bayan likita ya duba shi, sai aka haɗa shi da wata ma'aikaciya mai zama da masu damuwa. Ta tambaye shi sana'arsa. Da ya faɗa, sai ta ce to in wuta ta fi ƙarfin aiki, ƙara zuga ake yi? Ya ce a'a, sassauta zugazugi ake. Ta ce ya ɗora hannu a ciki, ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga huɗu, ya sake shi a hankali yana ƙirga shida, domin gajeren numfashi mai sauri shi ke ƙara hura tsoro a jiki. Ta ce in tunani ya zo masa cewa duk gari dariya ake masa, ya tsare shi ya tambaye shi shaida: wa ya yi dariyar, yaushe, a gaban wa? Ta kuma ce kada ya jira sai ya warke kafin ya buɗe maƙera, ya hura wuta ko lauje ɗaya ne a yini, ya je wa masu binsa ɗaya bayan ɗaya. Addu'a kuwa ta ce ya riƙe ta da kyau, ba kishiyar magani ba ce.

Haka ya yi ta komawa, har mutane suka fara mamakin riɗin nan da ba ya ƙarewa.

Ran da ya koma majalisa, aka yi masa barka da fitowa. Sai wani dattijo mai son jin ƙwaƙwaf ya tambaye shi nawa tiyar riɗi yanzu a Dawanau. Maƙeri ya san farashin, don ƙaninsa ya haddace masa shi a mota saboda irin wannan rana. Kalma biyu, a wuce wurin. Gabansa ya faɗi kamar da. Ya ɗora hannu a ciki kamar mai gyara riga, ya ja huɗu, ya saki shida. A nan idonsa ya kai kan mai shayin da ke gefe, yaro matashi, yana zuba ruwan zafi hannunsa na rawa, idanunsa sun yi zuru-zuru irin na wanda ya kwana ƙirga azara. Maƙeri ya san wannan idon, ya gan shi a ruwan alwala wata da watanni. Ya tuna yana da 'ya'ya mata biyu da ba a kai ɗaki ba, kuma bakin mutane ba ya da ƙyaure. Ya sake jan numfashi. Sannan ya ce, Baba, gaskiya ban taɓa shiga kasuwar ba, ni ɗaya Dawanau ɗin nake zuwa.

Wurin ya yi tsit. Wani ya yi dariya, ya ga shi kaɗai ne, ya mai da ita tari. Dattijon ya ce Allah ya ƙara sauƙi, aka shiga zancen taki.

Bayan sallar isha'i aka yi sallama a ƙofar gidansa. Mai shayi ne, riƙe da fartanya, wai ya kawo gyara. Maƙeri ya haska ta da fitila, ya juya ta gaba da baya, bai ga inda ta lalace ba. Ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce zauna, ƙanena, wannan gyaran zai ɗauki lokaci.

Mai karatu, in ka ji mutumin Durba ya ce zai je Dawanau, yi masa fatan sauka lafiya, kada ka tambaye shi farashin riɗi.