Tsadar Mai Da Farashin Hatsi: Ina Iyakar Uzuri?



'Yan uwa, tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, abinci kuma ya bi sahu. Ni ban musa wannan ba. Mai noman rani a Kadawa da fetur yake tayar da injin ban ruwa. Motar da ke ɗauko buhu daga ƙauye zuwa Dawanau mai take sha, injin niƙa ma haka. Duk wanda ya ɗora abin da ya kashe, ya ƙara riba daidai gwargwado, halalinsa ya ci.

Amma kai da ka tara masara da gero, ka kulle sito kana jiran talaka ya galabaita, sannan ka ce "ai mai ne ya tashi", wane mai buhun da ke ajiye ya sha? Wannan shi malamai ke kira ihtikari. Hadisin Ma'amar ɗan Abdullahi da ke Sahihu Muslim ya tabbatar da cewa mai yin sa mai laifi ne.

Ga ma'aunin da nake ba kowane ɗan kasuwa: ranar da kuɗin mota ya ragu, ka rage kuɗin mudu? In hawa kawai ka sani, to ka binciki zuciyarka tun kafin a bincike ka ranar hisabi.

Allah Ya kawo mana sauƙi, Ya sanya albarka a kasuwancinmu. Amin.