Wane Ne Ƙazami, Mai Zubarwa Ko Mai Tsincewa?

Ya kai ɗan'uwa matashi, amsa wannan tsakaninka da Allah. Ka sha ruwan leda, ka jefa ledar a kwata, ka wuce masallaci da farar riga. Wani yaro ya biyo bayanka da buhu yana tsintar roba da gwangwani. Kai ana ce maka mai tsabta, shi kuwa ɗan bola. To, wane ne ƙazamin?

Ka sani, ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa kawar da abin cutarwa daga hanya reshe ne na imani. Ledar nan taka ita ke toshe magudanar ruwa a Kazaure, damina ta zo katangar maƙwabci ta faɗi. Ita akuyar talaka ke haɗiyewa a Roni, Gwiwa ko Babura, ta rame ta mutu. Jujin kakanninmu taki ne, jaki ke kai shi gona. Leda fa ba ta zama taki.

Ɗan gwangwan mai sayen kayan sata, wannan haramun yake ci. Amma mai tsinta ta halal ya fi ka aiki da hadisin nan. Kada ka raina shi. Ware robarka da ƙarfenka ka miƙa masa. Allah Ya sa mu dace, amin.