Ziyarar gidan marayu da riƙon maraya

Tun ƙarshen watan Oktoba na 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi muka watse, wasu suka nufi Yola, wasu suka haye duwatsu zuwa Kamaru, babu layin da za ka shiga a unguwar nan ka rasa gidan da ke da maraya. Bam ɗin masallacin Unguwar Shuwa a Nuwamban 2017, da na ranar 1 ga Mayu 2018, sun ƙara mana yawansu.

To, sai ga wata al'ada ta shigo. Asalinta daga Turawa ne: saurayi ko budurwa a Ingila ko Amurka sai su biya kuɗin jirgi, su tafi Kenya ko Ghana ko Nepal, su yi mako biyu ko uku a gidan marayu suna wasa da yara, su koma gida da hotuna. Yanzu samarinmu ma sun ɗauka. A kafa ƙungiya, a ɗinka riga iri ɗaya, a ɗauki shatar mota zuwa Yola ko Maiduguri, wani lokaci har Marwa a Kamaru, da katan-katan na taliya da sabulu, kafin a dawo hotuna sun riga mutane isowa ta Facebook. Suna tambayarmu: Malam, shin wannan ya shiga cikin falalar riƙon maraya, wadda hadisin nan na yatsu biyu ya yi bushara da ita?

Ladan sadaka dai muna fata Allah Ya ba su, ba ma shakkar niyyarsu. Amma riƙo wani abu ne daban. Mai riƙo shi ne wanda in zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare shi za a tasa, in yaron ya yi sata a kasuwa sunansa za a kira, in yarinya ta isa aure shi zai nemo gado da kwanuka. Wannan aikin shekaru ne.

Mu dubi abin ta idon yaron. Abin da ya mai da shi maraya shi ne wani da yake ƙauna ya tafi bai dawo ba. Sai ga baƙo ya zo, ya goya shi, ya koyi sunansa, ya ce masa ai kai ɗana ne. Yaro ya saki jiki. Bayan kwana goma mota ta zo, baƙo ya ɗaga hannu. Wata mai zuwa wani baƙon ne, da wata rigar. Masu ziyara kan dawo suna cewa, "Wallahi yaran nan akwai son mutane, muna sauka suka rungume mu." Mu kam wannan ba ya faranta mana rai. Ɗan da ke da uwa a ɗaka, in ya ga baƙo ɓuya yake yi bayan zanenta. Wanda ke ruga wa kowace sabuwar fuska, rashin nasa ne ya koya masa haka.

Akwai kuma abin da mu 'yan kasuwa muka fi kowa sani: duk inda mai saye ya yawaita, kaya za su fito ko daga ina ne. In baƙi masu kuɗi na neman marayun da za su tausaya wa, za a samo musu marayu, ko da iyayensu na raye. A Oktoban 2007, a Abeche ta ƙasar Chadi, an kama wasu Faransawa na ƙungiyar Arche de Zoé suna shirin saka yara 103 a jirgi zuwa Faransa, wai marayun Darfur ne. Da aka bincika, mafi yawansu 'yan Chadi ne, kuma suna da uwa ko uba ko dangi na kusa. Kotun Njamena ta yanke wa shida daga cikinsu shekara takwas-takwas. Su ma da an tambaye su cewa za su yi taimako suka zo. Abin ya yi yawa a duniya har ƙasar Ostareliya, a 2018, ta lissafa tara yara a gidajen marayu don jawo kuɗin baƙi cikin nau'o'in bautar zamani. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke irin wannan hukunci a wani babi: wanda ya yi wa mutum magani alhali bai san magani ba, in ya yi ɓarna shi zai biya, kyawun niyyarsa ba ya ɗauke masa.

Wani zai ce, yaran da yaƙi ya cinye danginsu kaf fa? Gaskiya ne akwai su, kuma dole a sami inda za a ajiye su. Likita ko malamin makaranta da zai je ya zauna shekara yana aikinsa, ba da shi muke ba. A Maiduguri, Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess tun 2007, yana karantar da marayu kyauta, 'ya'yan waɗanda aka kashe da 'ya'yan waɗanda suka yi kisan a aji ɗaya, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar Nansen a 2017. Mutumin yana nan a garinsu, yaran sun san inda za su same shi gobe. Shi kansa Manzon Allah (SAW) a maraici ya tashi, kuma a gidan kakansa Abdulmuɗɗalabi ya zauna, daga baya a gidan baffansa Abu Ɗalibi, cikin 'ya'yansa.

Kuɗin shatar mota da ɗinkin riguna na tafiya guda zai iya biyan kuɗin Islamiyya da na boko na yara da dama a nan unguwa, ko ya zama jarin ƙuli-ƙuli ko awara ga uwar marayu, ta riƙe 'ya'yanta a ɗakinta. Matan da mazansu suka fita sallah a 2017 da 2018 ba su dawo ba, da yawansu sun daina zuwa roƙo don kunya, sai dai maƙwabciya ta lura hayaƙi bai tashi a gidan ba. Mai unguwa da limaman layuka sun san gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Duk ƙungiyar samarin da ke shirin tafiya a azumin bana, ta fara biyowa ta wurinsu kafin ta biya kuɗin mota.