Yaushe Ɗalibin Fiziks Yake Zama Masani?

A hutun da ya wuce wani tsohon ɗalibina, mutumin Gwaram, wanda na koya wa Larabci a sakandare, ya zo gaishe ni a Birnin Kudu. Yana shekara ta uku a jami'a yana karanta Fiziks, watau ilmin haske da zafi da motsi da lantarki. Na tambaye shi karatu, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, likitanci na nema, aka ba ni wannan. A gida ma kullum tambayata ake yi, in na gama me za a kira ni?"

Na san irin wannan tambaya. A garinmu kowane uba yana ganin likitocin asibitin tarayya, ya san abin da ɗansa zai zama in ya bi sawunsu. Masanin Fiziks kuwa, wa ya taɓa ganinsa a kasuwar Sara? Tun da aka buɗe Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011 yaranmu suka ƙara samun hanyar shiga wannan fanni, amma mutanen gari ba su tanadar musu suna ba tukuna.

Da hira ta yi nisa sai ya ba ni labarin da ya fi damuna. A ɗakin gwaji an sa su ɗaure ɗan ƙarfe a zare, su sake shi yana lilo, su ƙirga da agogo domin gano ƙarfin da ƙasa take jan abu da shi. Littafi ya ce amsar kusan 9.8 ce. Su kuwa 9.3 suka samu. Abokansa suka gyara lambobin har suka dace da littafi, shi ma ya bi su.

To, a nan nake ganin amsar tambayar mutanen gidansu take. Mu da muka karanta ilmin hadisi mun san mai ruwaya ba ya samun daraja don daɗin abin da ya kawo, sai don bai ƙara ba bai rage ba. Mai awon hatsi ma da mudunsa ake saninsa. Wanda ya rubuta 9.8 alhali idonsa 9.3 ya gani, ya tauye mudu, ko da malami ya ba shi maki cikakke. Da ya rubuta abin da ya samu, sa'an nan ya koma ya binciki tsawon zaren da yadda ya danna agogon, da ran nan ya fara zama abin da yake tambayar sunansa.

Na ambata masa Hasan ibn al-Haisam, haifaffen Basra wajen shekarar 965, wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040. Manyan magabata, har da Baɗalamusa, sun ce haske daga ido yake fita ya sami abu. Shi kuwa ya gwada a ɗaki mai duhu, ya kafa hujja a Kitabul Manazir cewa haske ne yake shigowa ido. Sunan Baɗalamusa bai sa ya gyara abin da ya gani ba.

Yaron ya yi shiru can, sa'an nan ya ce takardar tasa ta farko tana nan cikin jakarsa, bai yaga ta ba. Na ce masa, "Ɗana, in ka koma, kai wa malaminka ita."