Yaro Ya Ce Ƙwallon Kwando Yake So: A Hana Shi Ko A Bar Shi?



A gidajenmu da yawa yanzu akwai yaron da ya fi son filin ƙwallon kwando a kan zaman rumfa. Uba yana ganin lalacewa ce, uwa tana tsoron kada ɗanta ya sami duniya ya rasa sallah. Tsoron nan yana da hujja. Amma kafin mu yanke hukunci, mu dubi wanda ya riga ya bi hanyar.

Hakeem Olajuwon ɗan Legas ne, an haife shi a 1963, ɗan maƙwabtanmu Yarbawa Musulmi. Iyayensa 'yan kasuwa ne kamar mu, siminti suke sayarwa. Ya tafi Amurka karatu a Jami'ar Houston, kuma a 1984 shi aka fara ɗauka a zaɓen sababbin 'yan wasan gasar NBA, kafin Michael Jordan ma. Ya ci kofi da ƙungiyar Houston Rockets a 1994 da 1995.

To ina addininsa ya shiga cikin wannan ɗaukaka? Azumin 1995 ya faɗo a watan Fabrairu, gasa tana tsaka. Ya riƙe azuminsa, har a ranakun da wasa ya zo da rana, kuma shi aka ba gwarzon ɗan wasa na wannan watan. Da aka zo sa sunansa a kan takalmin wasa, sai ya zaɓi na kamfanin Spalding mai dala 35 a lokacin da na sauran taurari ya haura dala 100, don ya san uwa mai 'ya'ya uku ba za ta iya saye ba. Da ya shiga harkar filaye da gine-gine a Houston, da kuɗinsa yake saye, ba ya cin bashi mai kuɗin ruwa. A can ne kuma ya sayi tsohon ginin banki ya mai da shi masallaci.

Jama'a, waɗannan ai jarrabawarmu ce ta kullum a kasuwa. Sallah ta zo ciniki na kan gaba. Mabukaci ya zo, kai ne kaɗai mai kayan, farashi na hannunka. Jari ya karye, ga mai ba da bashi da ruwa yana jira. Wanda ya ci wannan jarrabawa a filin wasa ya ci, wanda ya faɗi a rumfar tumatur ko a kara ya faɗi. Ashe abin dubawa shi ne halin da yaro ya tafi da shi daga gida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai mu faɗa wa yaranmu ɗaya gaskiyar. Ƙungiyoyin NBA 30 ne kacal, kuma kusan mutum 60 ake ɗauka a shekara daga duk faɗin duniya. Rauni ɗaya a gwiwa kan iya rufe ƙofar. Shi kansa Hakeem ta makaranta ya bi. Don haka yaron da ya bar aji ya tare a fili ya saki reshe ya kama ganye.

Shawararmu ga iyaye ita ce a yi sharaɗi da yaro, a fili: sallah a kan lokaci, Islamiyya da boko ba fashi, ranar kasuwa a taya baba, sauran lokaci nasa ne. Kuma uba ya daure, ko sau ɗaya, ya je filin ya ga da su wa ɗansa yake mu'amala. Yaron da aka hana ba tare da bayani ba, zuwa zai yi a ɓoye.

Ku kuma samari, mai tashi da asuba don atisaye ba shi da uzurin makara sallar asuba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa albarka a nemanmu, amin. Juma'a mai albarka.

Sakataren Masallaci