"Ai Kuɗina Na Biya": Nasiha Ga Saurayi Ɗan Haya

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya sanya mana gidaje su zama wurin natsuwa da rufin asiri. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa, da kai nake magana, kai da ka taso a Mungadi ko Maiyama ko wani ƙauye na gefensu, neman abinci ko neman ilmi ya fitar da kai daga gida, yau ga ka a ɗakin haya a Jega, ko Aliero, ko Badariya ta Birnin Kebbi, ko Mabera ta Sakkwato, ko Kurna ta Kano, ko ma can Agege a Ikko. A gidan da aka haife ka ba ka taɓa jin an biya kuɗin ɗaki ba. Saurayi ya isa aure, mahaifinsa ya nuna masa gefen gida, abokai su taya shi kwaɓa ƙasa, kafin damina ɗaki ya tashi. Ko fataken da suke yada zango a Jega a zamanin da, a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, mai masauki ne yake ba su wurin kwana da wurin ajiyar kaya, ya haɗa su da masu saye, abin da zai samu ya fito daga la'adar ciniki. Haka Hausawa suka yi a Sabo ta Ibadan, haka suka yi a zangon Kumasi.

To zamani ya juya. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 ma'aikata suka cika Birnin Kebbi, kowa yana neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Da aka kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006, garin da aka sani da albasa da masu ɗori ya zama garin da mai fili yake jera ɗakuna domin ɗalibai. Bayan an cire tallafin man fetur a 2023 siminti ya tashi, kwano ya tashi, katako ya tashi, haya kuwa ta bi bayansu. Sai ka wayi gari cikin wata mu'amala da iyayenka ba su koya maka ba, domin su ma ba su yi ta ba.

Ka fara sanin cewa haya halal ce. Na ji wasu samari suna cewa wai kuɗin haya ɗan'uwan riba ne, tun da mai gida yana zaune kuɗi suna zuwa masa. Wannan magana ba ta da tushe. Mai ba da bashi da ruwa kuɗinsa yana dawo masa cif, ga ƙari a sama. Mai gida kuwa gininsa yana tsufa a hannunka, ruwan sama yana cinsa, in ya rushe shi ya yi hasara. Inda magabata suka yi saɓani sananne shi ne hayar gidajen Makka, saboda alfarmar Harami da haƙƙin mahajjata, har Imamu Shafi'i da Is'haƙ ɗan Rahawaihi suka yi muƙabala a kai. Amma ɗaki a Jega ko Mabera, babu wannan magana.

Abin tambaya shi ne, da ka miƙa kuɗin nan, me ka saya da su? Amfanin ɗakin ka saya zuwa wani lokaci sananne. Ɗakin kansa yana nan na mai shi, kai kuwa amana ce a hannunka. Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid ya san sharaɗin haya biyu ne a sarari, a ambaci kuɗi kuma a yanke lokaci. Ya san kuma in gida ya rushe kafin wa'adi haya ta warware a abin da ya rage, watau mai gida ba shi da haƙƙin riƙe kuɗin watannin da ba a zauna ba. In kuwa ɗan haya ne ya rasu, hayar ba ta mutu da shi ba, magadansa suna da sauran lokacin. Ka lura da wannan na ƙarshe, domin sau da yawa ana sadakar uku ana yi wa matar mamaci maganar tashi, alhali mijinta ya biya har ƙarshen shekara.

Yanzu ga kalmar da ta ɓata tsakanin mutane da yawa: "Ai kuɗina na biya." Gaskiya ne ka biya. Amma dubi inda ake faɗinta. Ana faɗinta lokacin da aka ce wa mutum ya daina zuba ruwan wanki a gindin katanga. Ana faɗinta in an tambaye shi don me ya kwana da mutum shida a ɗakin da aka yi magana a kan mutum biyu, masai ya cika kafin lokacinsa. Ana faɗinta in famfo ya lalace a hannunsa ya ɗaure shi da roba ya yi shiru, yana lissafin saura wata biyu ya tashi. Ni dai ma'aunina ɗaya ne, kuma ba ya bukatar zurfin karatu. In katangar ɗakin mahaifiyarka ce a Mungadi, za ka zuba mata wannan ruwa? Abin da ya lalace don tsufa ko don ruwan sama, ba naka ba ne, gyaransa yana kan mai gida, kuma shari'a tana gaskata ka in ka ce ba sakacinka ba ne, sai fa in ƙaryarka ta bayyana. Ka ga an ɗauke ka amintacce tun kafin a gwada ka. Abin da ka ɓata da hannunka ko da sakacinka kuwa, bashi ne a wuyanka, ko mai gida ya gani ko bai gani ba.

Shi ma mai gida yana da tasa kalmar: "Ai gidana ne." Ita ma gaskiya ce, ita ma ana zalunci da ita. Kada ka ce wannan bai shafe ka ba, domin cikinku akwai wanda yake karɓar haya a madadin mahaifinsa, akwai dillali, akwai wanda albasar bana za ta yi masa kyau ya sayi fili. Tun daga ranar da ka karɓi kuɗin mutum, ƙofar nan ta zama tasa har wa'adi ya cika. Umarnin da ya zo a Suratun Nur na neman izini da sallama kafin shiga gidan wani ya hau kanka a kan ɗakin da ka gina da kuɗinka. Ba ka da ikon ƙara kuɗi a tsakiyar shekara don ka ji maƙwabcinka ya ƙara. Ba ka da ikon cire ƙofa, ko yaye kwano, ko yanke wuta don ka kori mai iyali ba tare da hukuncin alƙali ba. Sa'an nan ga yaudarar rani. Kowa ya san ɗaki mai yoyo ba ya tona kansa a watan Maris. A shafa masa farar ƙasa, a kawo baƙo ya gani ya yaba, sai ruwan Agusta ya sauka ya tarar da kansa yana tara kwanoni a kan gado. Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannunsa cikin tarin hatsi a kasuwa, ya ji danshi a ƙasa busasshe a sama, ya tsawata wa mai shi, ya kuma barranta daga mai algus. Ina bambancin wannan hatsi da wancan ɗaki? Dillalin da ya san aibin ya rufe bakinsa don la'ada, tare suke. Haka wanda ya zagaya ya ce wa mai gida, "Fitar da shi, ni zan ƙara maka dubu ashirin." An hana Musulmi yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa.

Inda abin yake da wuya shi ne ranar da gaskiya biyu suka haɗu. Ga saurayi, aiki ya tsaya masa, ko babur ɗin da yake haya da shi an karɓe, wa'adi ya cika ba shi da ko sisi. Aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu. To amma a unguwannin talakawa mai gidan ba Alhaji ba ne mai benaye. Sau da yawa tsohuwa ce da miji ya mutu ya bar mata ɗakuna uku, da su take ci, da su take sayen magani, ko kuwa gadon marayu ne. In ta jinkirta maka, ita wa zai jinkirta mata? Kada ka riƙe ayar jinkiri kamar sanda kana dukanta da ita. Abin da yake kanka shi ne ka je da ƙafarka tun kafin ranar, ka ce, "Inna, ga halin da nake ciki, ga abin da ya samu, saura zuwa wata kaza." In abin ya fi ƙarfinka ka koma ƙaramin ɗaki, ko ka haɗu da wani ɗan'uwa ku raba. Kuma ka faɗa wa jama'ar masallacinku, babu kunya a ciki, domin mabarta suna cikin kashi takwas na masu cin zakka. Amma wanda yake da shi, ya sayi sabuwar waya, ya ɗinka shadda, sa'an nan ya riƙa shigowa bayan kowa ya yi barci yana fita kafin asuba don kada a gan shi, wannan jinkirin nasa hadisi ya kira shi zalunci.

Kuma don Allah ku riƙa rubutawa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Amma in ka ce a yi takarda sai a ce, "Haba, ba ka yarda da ni ba ne?" Takarda ɗaya ta isa: nawa ne, daga yaushe zuwa yaushe, wa zai yashe masai, yaya za a raba kuɗin wuta, shaidu biyu su sa hannu.

Akwai kuma wani ruɗi da Shaiɗan yake yi wa ɗan haya, ya ce masa ai kai baƙo ne a nan, gidanku yana Mungadi, waɗannan ba mutanenka ba ne. Sai ka ga saurayi mai ladabi a garinsu, a birni ya shekara biyu bai san sunan wanda bango ɗaya ya raba su ba. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta ambaci maƙwabci na kusa da maƙwabci manisanci, ba ta ware mai gida daga ɗan haya ba, ba ta kuma ware Musulmi daga wanda ba Musulmi ba. Bayarabe ko Ibo da kuke layin famfo ɗaya yana da haƙƙin maƙwabtaka a kanka. Ka tuna da Abu Ayyub al-Ansari, wanda Manzon Allah ya sauka a gidansa da ya yi hijira zuwa Madina, Annabi a ƙasa shi da matarsa a sama. Wata rana da dare tulun ruwansu ya fashe, suka ɗauki mayafin da suke rufa da shi suka tsane ruwan, don tsoron kada ya ɗiga a kan wanda yake ƙasa. Gidan haya wurin irin wannan ne kullum. Ranar sharar makewayi in ta zo kanka, ka yi. Kada ka sa rishon lantarki a ɓoye alhali kuɗin wuta daidai kuke rabawa, kada kuma ka yarda a zagaye mita, sata ce ko da gidan duka sun haɗa baki. In za ka ratsa tsakar gida ka yi gyaran murya, ka kawar da kanka, matan mutane suna girki. Wata kuma da za ta yi wa wasunku zafi: karatun Alƙur'ani ko wa'azi da ka ƙure wa murya ƙarfe goma sha biyun dare, ga mai jinya a ɗakin gaba, ga direban da zai kama hanyar Yawuri da asuba, cutarwa ce, kyawun abin da kake saurare bai wanke ta ba.

Kada kuma ka ji kunyar unguwa mai araha. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin tarayya ta sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, da yawanku ma ba ku samun haka a wata. Amma lokacin aure sai ka ga saurayi ya kama ciki da falo a unguwar manya don dangin amarya su gani su yaba, ya ci bashin ruwa daga masu ba da rance ta waya, shekara ta zagayo a fito masa da kayan amarya waje. Suratuɗ Ɗalaƙ ta ɗora wa miji ya zaunar da iyali gwargwadon samunsa, ba gwargwadon idon mutane ba. Sai dai araha ma a duba ta. Ka tambayi maƙwabta, ba dillali ba, inda ruwa yake tsayawa da damina, wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ba sai an yi masa bayani ba. Ka duba ko matarka za ta iya zuwa makewayi ba tare da ta ratsa majalisar maza ba. Ka lissafa kuɗin abin hawa zuwa wurin aiki, domin wani ɗakin arahar a hanya yake karɓe abin da ya rage maka.

Ranar tashi kuwa, ka tashi da rana tsaka. Ka share ɗakin, ka toshe ramukan ƙusa, ka biya rabonka na wuta, ka miƙa mabuɗi hannu da hannu, ka nemi gafarar mutanen gidan. Na san wani mutum, yanzu da furfura a gemunsa, wanda a ƙuruciyarsa ya kwashe kayansa cikin dare daga gidan wata tsohuwa, da kuɗin wata huɗu a kansa. Allah Ya buɗa masa daga baya, da ya tashi tafiya aikin Hajji abin ya hana shi barci. Ya koma unguwar ya tarar tsohuwar ta daɗe da rasuwa, an sayar da gidan, an rushe an yi shaguna. Ya zo yana tambaya ko ya yi sadaka da kuɗin a madadinta. Aka ce masa a'a, tun da tana da magada haƙƙin ya koma nasu, sai ya neme su. Ya sami uku a cikin gari. Sauran an ce masa ɗaya tana aure a Kamba, ɗaya kuma ya tafi Kurmi tun da daɗewa, har yanzu yana cigiyarsa.