Mai Gyaran Gonar Ubangiji Yana Bukatar Sani

Littafin Farawa ya koyar cewa Allah ne ya sa iri cikin kowane itace, sa'an nan ya danƙa wa mutum amanar gonar (Farawa 1:11-12, 2:15). Wannan amana ba ta tsaya a Aidan ba, ta kai har bakin tekun Nijeriya.

A yankin Neja Delta akwai kurmin mangurof, itatuwan da suke tsirowa cikin laka da ruwan gishiri. Kifi da jatan lande suna hayayyafa a tsakanin saiwoyinsu, su ne kuma suke riƙe gaɓa don kada teku ya cinye ƙauyuka. Malalar ɗanyen mai, irin wadda ta auku a Bodo cikin 2008, ta hallaka da yawa daga cikinsu, masunta suka rasa abinci. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 a kan ƙasar Ogoni ya nuna cewa gyaran zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Amma dashe kaɗai ba gyara ba ne. Idan an tsinci iri duka daga itatuwa kaɗan da suke kusa da juna, sabon kurmin zai zama 'ya'yan ɗaki ɗaya masu rauni iri ɗaya, cuta guda ko ƙaruwar gishiri tana iya share su gaba ɗaya. Saboda haka masana suke binciken ƙwayoyin gado daga ganyen itatuwan, domin su san dangantakarsu, su tattaro iri daga iyaye dabam dabam waɗanda suka saba da irin wannan ruwa. Ta haka wanda ya jure zai tsaya a inda wani ya fāɗi.

Wannan bambanci da masana suke aunawa Mahalicci ne ya shirya shi tun farko. Karin Magana 19:2 ya yi gargaɗi a kan himma marar sani, gama kyakkyawar niyya ba ta rayar da abin da aka dasa cikin gaggawa. Iyalin da suke tsoron Allah za su tambayi masu sani kafin su dasa, za su koya wa 'ya'yansu cewa ilimin halitta hidima ce ga Ubangiji, za su kuma tuna da masuntan Ogoni cikin addu'a.

Ubangiji ya ba ikkilisiyarsa hikima da haƙurin riƙon wannan amana. Amin.